Kwalbar ruwan ɓeran Masar: wacce ta cancanci ajiya?

Babban ɓeran Masar yakan sha wajen mililita 100 na ruwa a rana, fiye da haka in ana zafi. Kwalbarsa kuwa ba ta sallama kafin ta lalace: ko ta tsiyaye cikin dare ta jiƙa shimfiɗa, ko ta toshe a gan ta cike alhali dabba na fama da ƙishi. Shi ya sa in kana da ɓeraye biyu, ka mallaki kwalabe uku: biyu a jikin keji, ɗaya a ajiye.

Ta gilashi ce ta fi. Ba ta riƙe wari, tana jure ruwan zafi, haƙori ba ya kama ta. Illarta nauyi, kuma in mariƙinta ya saki, shi ke nan. Ta roba ba nauyi, ta fi araha, amma cikinta yana karcewa, gansakuka ta samu maɓoya, ɓeran kuma ya gwaguye ta in ya kai gare ta. Don ajiya kawai, ta roba mai kauri ta wadatar.

Sai dai ba jikin kwalba ne ke yawan ba da matsala ba, bututu ne. Nemi na ƙarfe marar tsatsa mai ɗan ƙwallo a baki. Ɓeran Masar yana da ɗabi'ar tura abincin da ya tauna cikin bututu yayin sha, sai ƙwallon ya maƙale. Ruwa mai gishirin ƙasa, wato mai barin farin ɓawo in ya bushe, shi ma yakan maƙalar da ƙwallon. Yoyo kuma galibi daga zoben robar da ke cikin murfi yake: in ya tsufa iska ta shiga, ruwa ya zubo. Saboda haka sayi ta ajiyar mai murfi da bututu iri ɗaya da na wadda ke aiki, murfi da zobe su shiga juna, dabbar kuma ba za ta baƙunci bututun ba.

Mililita 250 zuwa 500 ya isa, tunda kullum ake sauya ruwa.

Kada ta ajiyar ta zauna a kwali ba gwaji. Cika ta fal, kifa ta, taɓa ƙwallon da yatsa: ɗigo ya fito, sannan ya tsaya. Duk mako a musanya su, a wanke wadda aka cire da buroshi, a goge cikin bututu da auduga, a bar ta ta bushe murfi a buɗe. In duka suka lalace, kwanon tangaran mai nauyi zai riƙe ka, amma sai an sauya ruwansa sau biyu a rana, don ciyawa da kashi na faɗawa ciki.