Horon Agajin Gaggawa na Mako Shida a Kaduna: Ra'ayin Direban Motar Asibiti

Na shafe shekaru ina tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya ta wani asibiti mai zaman kansa, amma sai bana na shiga horon agajin gaggawa a wata cibiya da ke Kaduna, domin na gaji da tsayawa ina kallo duk lokacin da aka kira mu wurin haɗari a hanyar Zariya.

Darajar wannan horo tana hannun malamarmu, wadda ta daɗe tana aikin jinya a sashen haɗurra. Ba ta yarda da haddar baki. Wajen koyon farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, dole ne ɗalibi ya durƙusa gaban mutum-mutumin roba, ya ɗora tafin hannunsa a tsakiyar ƙirji, ya danna sau 30 sannan ya hura numfashi sau 2, dannawar ta kai zurfin santimita 5 zuwa 6, kuma sau 100 zuwa 120 a cikin minti guda, ita kuwa tana tsaye da agogo a hannu tana cewa, "Malam, miƙe gwiwar hannunka." Kafin minti 2 su cika kafaɗuna sun yi sanyi, a nan na gane dalilin da ya sa ake karɓar juna.

Darasin da ya fi taɓa ni shi ne na wuya da ƙashin baya. Mun saba ganin jama'a, cikin kyakkyawar niyya, suna kama wanda mota ta buge ta hannu da ƙafa su jefa shi bayan a-kori-kura, ko su ɗura masa ruwa alhali ba ya cikin hayyacinsa. Ta bayyana mana cewa ƙashin wuyan da ya tsage zai iya yanke laka mutum ya shanye har abada, ruwan kuma zai iya zarcewa huhu. Mun yi ta maimaita yadda mutum huɗu za su juya majinyaci tare, ɗaya yana riƙe da kansa kuma shi kaɗai ke ba da umarni. Na kuma yaba da yadda aka ware wa ɗalibai mata nasu rukunin gwaji.

Sai dai kayan aiki sun yi ƙaranci matuƙa. Mutum-mutumi ɗaya muka yi ta layi a kansa mu fiye da ashirin, na'urar farfaɗo da bugun zuciya kuwa a hoto kawai muka gan ta. An koya mana kiran lambar neman agajin gaggawa 112 da kuma 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, amma ko sau ɗaya ba a fita da mu aiki cikin motar agaji ba, ko da yake an yi mana alkawarin haka ranar rajista.

Ina ba direbobi da ma'aikatan tashar mota shawarar su shiga, amma kafin su biya kuɗi su nemi a nuna musu kayan gwajin da idonsu, su kuma tambayi ranar da za a fita da su aiki.