Gargaɗi ga masu ɗaukar hayar mota a Dubai: na mayar da mota lafiya lau, ina Gombe ana ta cire mini kuɗi

Assalamu alaikum 'yan kasuwarmu, musamman masu shiga Dubai da Sharja saro kaya. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don ba ƙaramar kunya ba ce a ce mutumin da ya shekara 17 yana sayar da kayan mota shi aka damfara da kwarzanen bamba. Abin da na gani a wayar wani ɗan'uwa makon jiya ne ya sa na ajiye kunyar.

Na yi kwana shida a can. Yawancin zirga-zirgata tsakanin unguwar Deira ta Dubai ne da unguwannin masana'antu na Sharja inda ake sayar da injuna da giyabos na hannu, kuma kuɗin tasi ya ishe ni. Sai wani dillali, Bahaushe ɗan'uwanmu da ke yawo wajen Naif a cikin Deira, ya ce: "Alhaji, me zai sa ka wahala? Akwai mutanena, dirhami 90 a rana, ko fasfo ba za su riƙe maka ba." Ina da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, na ga araha, na bi shi. Ɗan ƙaramin ofis ne, kanta ɗaya da kujera uku. Na biya 540 na kwana shida, suka riƙe dirhami 1,500 a katina na dala a matsayin kuɗin ajiya. Takardar shafi huɗu ce, Larabci da Turanci, rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero. Na sa hannu a inda aka nuna mini da yatsa. Motar kuma da magariba aka miƙo mini ita a wani lungu, ban zagaya ta ba, ban ɗauki hoto ba.

Ranar komowa, jirgina na dare ne. Na kai motar da wuri, na cika tanki. Yaron ofishin ya fito, ya leƙa ta taga, ya karɓi makulli ya ce shi ke nan, babu matsala. Na ce a ba ni takardar shaidar na dawo da ita lafiya. Ya ce manaja ya fita, za a turo mini ta WhatsApp. Dillalin yana tsaye, ya dafa kafaɗata: "Haba Alhaji, ai ni ne shaida. Tafi kada jirgi ya bar ka." A wannan minti biyar ɗin aka gama da ni, sauran duk labari ne.

Kwana tara da dawowata, ina shago bayan la'asar, alat ya shigo. An cire dala 488. Na ɗauka kuskure ne, don ni jiran dawowar dirhami 1,500 ɗina nake yi. Da na matsa musu da kira sai suka turo lissafi, kuma zan faɗe shi dalla-dalla don ku ga yadda ake cakuɗa gaskiya da ƙarya a takarda ɗaya.

Na farko kuɗin Salik. Wannan tolget ɗin Dubai ne, amma ba irin namu na da mai shinge da mai karɓar kuɗi ba. Ƙarfe ne kawai a saman titi, ka wuce ta ƙarƙashinsa ya karanta alamar da ke manne a gilashin mota. Duk mai bin titin Al Ittihad daga Deira zuwa Sharja sai ya ratsa na Al Mamzar. Tun ƙarshen Janairun 2025 kuɗinsa dirhami 6 ne a lokacin cunkoso, 4 a sauran lokuta, kyauta daga ƙarfe 1 na dare zuwa 6 na safe. Su sun rubuta mini sau 12, kowanne a kan 10. To, na wuce ɗin, ban musa ba, amma rarar da suka ɗora babu wanda ya faɗa mini ita.

Na biyu tara, kuma a nan laifina ne. Na je Abu Dabi rana ɗaya, an gaya mini ana iya ƙara kilomita 20 a kan abin da aka rubuta a allo kyamara ba za ta kama ba. A Dubai haka ne. A Abu Dabi kuwa an soke wannan sassauci tun 2018, abin da ke allo shi ne iyaka. Tarar 300 ce, na duba da kaina na same ta. Suka ɗora 150 wai ladan biya mini.

Daga nan ne sata ta fara fitowa fili. Dirhami 250 na wanki, wai motar tana warin turare. Turare, a Dubai! Sai babban: 2,200 na gyaran bambar baya, da 270 na kwana uku da suka ce motar ta yi a gareji ba ta aiki. Jimla 3,290, kusan dala 900 ke nan tunda dala ɗaya dirhami 3.67 ce, a kan hayar dirhami 540. Sun haɗiye kuɗin ajiyar gaba ɗaya, suka zari ragowar 1,790 daga katin, don a shafi na uku akwai layin da ya ba su izinin cire duk abin da ya biyo baya ba tare da sun sake tambayata ba. Da hannuna na sa masa hannu.

Hujjarsu hoto ɗaya ne, an ɗauke shi kusa-kusa, babu lambar mota, babu kwanan wata. Ni kuwa sana'ata ce. Sabon kwarzane gefensa fes yake, wannan ya riga ya sha ƙura ya dushe, har da alamar an taɓa goga masa man sheƙi. Kuma ko sabo ne, aikin rabin yini ne a wajen mai fenti. Na faɗa musu haka. Amsar da suka ba ni ita ce in turo hoton da na ɗauka ranar da na karɓi motar. Sun san ba ni da shi. Na kira dillalin, ya ce: "Wallahi Alhaji ban ji daɗi ba, bari in yi musu magana." Sau biyu ya sake ɗaga wayata, daga nan shiru.

Na riga na haƙura na bar wa Allah. Sai makon jiya, a wajen ɗaurin aure a Jekadafari, hira ta kawo mu kan Dubai da wani ƙanen abokina mai sayar da wayoyi. Ya ce: "Yaya, ai ni ma sun yi mini." Dillali ɗaya, ofis ɗaya, wata biyu kafin tawa tafiyar. Ya buɗe wayarsa, na buɗe tawa, muka jera su. Hoton nan ne dai. Kwarzane ɗaya, har ɗigon baƙin mai da ke ƙasa kusa da taya bai canja wuri ba. Shi 1,800 suka caje shi. Wato wannan bambar ba a taɓa gyara ta ba kuma ba za a gyara ba, saniyar tatsa ce. Suna zaɓen baƙon da jirginsa ya kusa tashi, wanda suka san ba zai sake neman biza ya sayi tikiti don ya zo rigimar dala 500 ba.

Ba na cewa duk masu ba da hayar mota haka suke. Ko manyan kamfanoni suna riƙe kuɗin ajiya na wasu makonni, saboda tara da Salik ba sa fitowa nan take, wannan ba cuta ba ce. Amma duk wanda zai ɗauka, ya karɓi mota da rana a fili, ya zagaye ta da bidiyo a gaban ma'aikacinsu, lamba ta fito, bamba gaba da baya, wili huɗu, gilashi, rufi, kujeru, allon mai da na kilomita. Duk tabon da ka gani a rubuta shi a takarda kafin ka tayar. Ka tambayi nawa suke ɗorawa a kan Salik da tara, da iyakar abin da za ka biya daga aljihunka idan aka yi ɓarna, don inshorar da suke cewa tana ciki ba ta ɗauke duka. Ranar mayarwa kada ka haɗa ta da ranar jirgi in da hali. Ka sake bidiyo, kuma makulli kada ya bar hannunka sai an ba ka takarda mai sa hannu da kwanan wata da lokaci. In manaja ya fita, ka ja kujera ka jira shi. Katin da za ka ba su kuma kada ya zama wanda jarinka ke ciki. Ni Allah ya taimake ni na riga na biya kuɗin kwantena, da abin da za su tarar ya fi haka.

Wanda aka riga aka cire masa, tara ana iya duba ta a shafin 'yan sandan Dubai da lambar motar, kada ka yarda da adadin da suka rubuto kawai. Ka je bankinka ka cike takardar ƙin amincewa da cirar, kuma kada ka yi nawa, don yawanci wa'adin kwana 120 ne. Hukumar tattalin arziki da yawon buɗe ido ta Dubai tana da sashen kare haƙƙin masu saye, ana shigar da ƙorafi ta intanet daga nan gida.

Shekaranjiya mu biyu muka zauna a shagona muka shigar da namu, muka haɗa hotunan biyu da ranakun da aka turo wa kowa. Nawa yana cikin wa'adin banki, na yaron nan ya wuce da kwana kaɗan. Dillalin kuwa jiya na ga ya sa sabuwar talla a WhatsApp, farar mota, dirhami 85 a rana, ya rubuta a ƙasa wai rangwame ne na musamman ga 'yan Gombe da Bauchi.