Koriyar miyar Bangkok da ta sa na ci dafaffen gauta

Tun ina ƙarama ba na cin dafaffen gauta. Ɗanyen yalo ina ci, amma da zarar an jefa shi a fate ko a miya sai in tsame hannuna. Hajiyarmu ta yi faɗan har ta gaji ta bar ni. Miyar da aka ce da kwakwa ko sukari a ciki kuwa, ko kallonta ba na yi.

Wannan zuwan da muka yi Bangkok, babban birnin Thailand, sarin kaya ni da Yaya, kwana huɗu muna cin abincin Larabawa a unguwar Nana har ya gundure mu. Ranar da muka gama da kasuwar Pratunam, ƙafafu duk sun kumbura, muka faɗa wani gidan abinci na Musulmin ƙasar mai alamar halal a ƙofa. Yaya ta ce a kawo mana kaeng khiao wan da kaza, wato koriyar miyarsu. Ana ajiye kwanon gabana ya faɗi. Miya ce ruwa-ruwa, ga gauta an tsaga biyu yana yawo a sama, ga wasu ƙanana kamar 'ya'yan carbi. Na ce, "Yaya, kin san fa ba na ci." Ta ce, "Kurɓi romon kawai, in bai yi miki ba a kawo miki soyayyiyar shinkafa."

Wallahi ƙamshin ne ya fara kama ni, na ganyen lemun tsami da wani ganye mai kama da ɗoɗɗoya. Madarar kwakwar ta kwanta a harshe da gardi, sai daga baya yajin ya taso a hankali. Ashe koren ba na alayyafo ba ne, ɗanyen barkono suke dakawa da tafarnuwa da albasa da wata saiwa 'yar'uwar citta, su haɗa da tsimammen jatan lande, wanda shi ne daddawarsu. Zaƙin da nake gudu ɗan kaɗan ne, gishirin ruwan kifi ya danne shi.

Ban san lokacin da na kai gautan baki ba. Ya sha romo har ciki, ya yi laushi amma bai dame ba. Ƙananan nan su ne masu ɗaci, suna fashewa a baki, kuma ɗacin ne yake yanke maiƙon kwakwar. Na tsince su tas, har na kwanon Yaya. Ta ajiye cokali tana kallona, ta ce sai ta kira Hajiya ta faɗa mata.

Amma da aka kawo takardar kuɗi raina ya ɓaci. Shinkafar kuɗinta daban, kuma ba ta fi cikin tafin hannu ba, sai da muka ƙara sau biyu. Kazar yanka biyar na ƙirga, sirara-sirara. Sannan suka ɗora kashi 10 na hidima da kashi 7 na haraji, alhali mun fi rabin awa muna jira, ruwan sha ma sai da muka yi magana sau uku. Na kuma roƙi a rage yaji, ba a rage ba, Yaya ta kwana da zafin ƙirji. Wurin dai ba zan tura kowa ba.

Kafin mu wuce filin jirgin Suvarnabhumi na sayi haɗin dakan a leda, mai tambarin halal. Jiya na gwada shi da farin yalo da ɗoɗɗoya. Bai kai nasu ƙamshi ba, amma yalon ne ya fara ƙarewa a tukunyar.