Pikachu ko Eevee: wane kaset za ka saya wa yaron?

Ɗan'uwa, Eevee za ka ɗauka. Kaset biyun nan na wasan Pokémon, na kama halittu da horar da su a na'urar Nintendo Switch, da kake tambaya, Let's Go, Pikachu! da Let's Go, Eevee!, duk sun shigo gidana. Ɗaya yana cikin na'urarmu har yau, ɗayan kuwa na miƙa wa ɗan ƙanwata kyauta, ban ko waiwaya ba.

Labarinsu ɗaya ne, kada mai shago ya ce maka sai ka haɗa biyu. Kamfanin Game Freak na Japan ya ƙirƙiro su, aka fitar da su rana ɗaya, 16 ga Nuwamba 2018, sabunta tsohon Pokémon Yellow na 1998 ne. Yankin Kanto ne duka, garuruwa ɗaya, sarakunan fage takwas da ake karawa da su ɗaya, halittu 151 na asali da ƙarin Meltan da Melmetal. Bambancin shi ne abokin tafiyar da za a ba ka tun farko, sai wasu 'yan halittu da ke wannan babu su a wancan.

Pikachu na fara saya, don shi yara suka sani a katun, kuka suka sa mini sai ɓeran nan mai jan kumatu. Ba zan ce ba shi da kyau ba. Yana da sauri, dabararsa ta lantarki, Zippy Zap, kan riga abokin gaba duka, a fagen Misty mai halittun ruwa kuma sarki ne. Amma lantarki ba ya taɓa halittar ƙasa ko kaɗan, kuma sabbin dabaru uku kacal malamin koyarwa yake ba shi, na ruwan ma sai ka isa Fuchsia, tafiya ta yi nisa. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Eevee kuwa a ka yake zama, ba a kafaɗa ba kamar Pikachu, ɗan abu kamar yanyawa da gashi buzu-buzu a wuya. Autata, lokacin tana shekara bakwai, ta fi minti ashirin kullum tana shafa shi, tana canja masa aski da kaya, kafin a taka ko'ina. Na ɗauka abin wasan 'yan mata na sayo. Sai da muka shiga Cerulean na gane kurena. A cibiyar jinyar Pokémon ta garin akwai wani mutum da ke koya wa abokin tafiyarka dabaru kyauta, Eevee ya samu uku a nan take: na ruwa, na lantarki, na wuta. Na ruwan, Bouncy Bubble, in ya daki abokin gaba sai ya maido wa Eevee wani ɓangare na ƙarfinsa. Na lantarkin yana sandarar da abokin gaba duk lokacin da ya same shi, na wutar kuma yana barinsa da ƙuna. A Celadon a ƙara masa biyu, a Fuchsia uku, takwas ke nan. Huɗu kawai halitta ke iya riƙewa a lokaci guda, saboda haka kafin kowane fage sai mu koma mu sauya, kamar mai zaɓen makami.

Ba na mance daren da muka shiga fage na takwas, na Giovanni a Viridian. An ɗauke wuta, muna tsakar gida a kan tabarma, batir ya kusa mutuwa, yayyenta maza biyu sun tsaya a kanta kowa na ba da shawara. Halittun Giovanni duk na ƙasa ne, su Dugtrio da Nidoking da Rhydon. Yarinyar nan ba ta saurari kowa ba, ruwa kawai take watsa musu, Eevee ɗaya ya gama da su. Ihun da ta yi sai da uwarsu ta fito daga ɗaki tana salati.

Abu guda zan faɗa maka tun yanzu don kada yaron ya yi ta jira: abokin tafiya ba ya rikiɗa, ko Eevee ko Pikachu. In yana son Vaporeon ko Jolteon ko Flareon, siffofin da Eevee ke rikiɗa ya zama, sai ya kama wani Eevee na daji a hanya ta 17, ya sayi dutsen ruwa ko na aradu ko na wuta a babban kantin Celadon. Kuma ga abin da zai kashe gardamar gida: Pikachu na daji yana nan a dajin Viridian ko a kaset ɗin Eevee, tun farkon wasa. Ka ga ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Halittun da suka keɓanta, na Pikachu yana da Sandshrew, Oddish, Mankey, Growlithe, Grimer da Scyther. Na Eevee yana da Ekans, Vulpix, Meowth, Bellsprout, Koffing da Pinsir. A nan kam na yarda Scyther ya fi Pinsir kyan gani. Rashin Growlithe bai dame mu ba, don a Vermilion in ka kama Meowth biyar ana ba ka Arcanine, ƙaton karen da ake hawa kamar doki.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai ƙwallon nan Poké Ball Plus da ke zuwa da Mew a ciki, halittar da ba a kamawa a cikin wasan. Sau ɗaya tak ake fitar da Mew ɗin, shi ke nan. Wani ya sayar mini da na hannu, ya rantse har da dafa ƙirji cewa ba a taɓa shi ba, na ƙara masa kuɗi a kan haka, na zo gida na tarar wayam. Na kira, layi ba ya shiga. In ba sabo fil a kwalinsa ba, ka saye shi a matsayin ƙwallo kawai. Haka masu cewa ka turo kuɗi su zuba maka wasan ta asusunsu da araha, ranar da suka canja lambar sirri ka tashi a tutar babu. Kaset ka karɓa a hannu, a sa shi a na'ura a gabanka, ka ga ya buɗe. Wanda ya ce maka kaset ɗinsa ya fi tsada don an riga an tara manyan halittu a ciki, ƙarya yake, a na'ura ake ajiye ci gaban wasa, ba a kaset ba.

In Switch Lite gare ku wasan zai yi, amma yara biyu ba za su buga tare ba sai ka sayi Joy-Con, abin riƙewa a sarrafa wasa, daban. Babu Hausa a ciki, akwai Turanci da Faransanci, tun farko ake zaɓa kuma ba a canjawa sai an goge wasan an faro daga tushe, don haka ka zauna kusa da shi ranar da zai kunna.