Linux Mint 22 a kan tsohuwar tokumbo: wa zai ji daɗinsa, wa zai yi da-na-sani

Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, sai ga wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi na gyaran tsaro. Windows 11 kuwa ba kowace kwamfuta yake karɓa ba. Yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 a ɓangaren AMD. To zaga shagunan Ahmadu Bello Way ko na Kasuwar Sheikh Gumi a Kaduna ka ga abin da aka jera: HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 zubi na 6 ne, OptiPlex 7010 na 3 ne. Lafiyarsu ƙalau, amma Windows 11 ya ce ba da su ba. A kan irin waɗannan na gwada Linux Mint 22, tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta da ake sawa a madadin Windows, da ram gig 4 da kuma gig 8.

Ƙididdigar StatCounter tana nuna Windows na riƙe da wajen kashi 70 cikin 100 na kwamfutocin duniya, macOS na kamfanin Apple na biye daga nesa, Linux kuma sai a 2024 ya haura kashi 4. Wannan ba lissafin ciniki ba ne, ƙirgen masu shiga shafukan intanet ne, don Linux ba sayar da shi ake yi ba. Rinjayen Windows ma ba daga zaɓin mai saye ya taso ba. Da shi kwamfuta take zuwa daga kamfani, kuma tun zamanin Windows 8 ake dasa lasisin a cikin allon na'urar. A nan Kaduna kuma mai shago ne ke yanke hukunci: abin da ke cikin filashinsa shi zai zuba maka, har da Office da Corel, kafin ka gama ƙirga kuɗi.

Sa Mint ba wuya. Fayil ɗin ya kai kusan gig 3, ka sauke shi daga shafinsu, ka ɗora a filash mai gig 8 da manhajar Rufus. Kwashe takardunka tukuna. Idan ka kunna HP ka danna F9, Dell kuma F12, ka zaɓi filash ɗin. Zai tashi daga filash ba tare da ya taɓa komai naka ba, kuma a nan ne ya kamata ka gwada wayifai, sauti, kyamara da firinta. Da SSD, wato faifan ajiya mai sauri, minti goma sha biyar zuwa ashirin an gama.

Wurare uku ake yawan tuntuɓe. Wasu Dell suna zuwa da saitin RAID a BIOS, wato saitin da ake shiga tun kafin kwamfuta ta gama tashi, sai manhajar da ke sa Mint ta kasa ganin faifan ajiya. A mayar da shi AHCI, amma idan za a bar Windows a gefe a yi hattara, don canjin kan hana Windows tashi. Wayifai mai guntun Broadcom kuma yakan yi shiru. Jona wayarka da kebul ka ba kwamfutar intanet, ka buɗe Driver Manager ya ɗauko direban, wato manhajar da ke sa guntun aiki. Na ukun shi ne agogo. Linux yana ajiye lokacin duniya a allon na'ura, Windows yana ajiye na gida, Najeriya kuma tana gaba da awa ɗaya. Duk wanda ya haɗa biyun a kwamfuta ɗaya zai riƙa ganin agogon Windows ya koma baya da awa guda. Rubuta umarnin timedatectl set-local-rtc 1 a Terminal na Mint yana kashe maganar.

Inda Mint ya burge ni shi ne sauƙin nauyi. Yana tashi ya zauna a kan ram da bai wuce gig 1 da 'yan kai ba, alhali Windows kan lashe ninkin haka kafin ka buɗe komai. A kwamfuta mai gig 4 bambancin a fili yake. Ba ya kuma sabunta kansa a ɓoye ya cinye maka data, sai lokacin da ka ce masa bismilla. Ga wanda ke karɓar filash daga hannun jama'a kuwa, wannan bairos ɗin da ke ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi na bogi ba ya aiki a nan. Za ka ga fayil ɗinsa tsirara a cikin filash, ka goge, ka fito wa mai shi da takardunsa. An yi alkawarin kula da Mint 22 har 2029.

Sai dai fa takardun Word suna buƙatar lura. LibreOffice, madadin Office da ke zuwa da Mint, yana buɗe su, amma idan babu nau'in rubutun da aka yi aikin da shi, layuka suna zamewa. Furojet ɗin ɗalibin Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) mai shafi 60 sai ya koma 62, jadawalin abubuwan ciki ya saɓa da lambobin shafi. Maganin shi ne a sa ttf-mscorefonts-installer don samun Times New Roman da Arial, a ƙara Carlito a madadin Calibri, sannan duk abin da za a kai bugu a mai da shi PDF tun daga gida. Masu rubutun Hausa su sani cewa a allon rubutun Hausa na Windows maɓallin Alt na dama tare da b, d ko k yana ba da ɓ, ɗ, ƙ. Mint ma yana da allon Hausa, amma jerin maɓallansa daban ne, sai hannu ya saba.

Mai shagon buga katin biki da kalanda kada ya kusanci Mint a kwamfutar da yake ci da ita. CorelDRAW da Photoshop ba su da na Linux. Manhajar zane ta Inkscape tana iya buɗe wasu fayilolin Corel, amma launi da rubutu sukan watse, kuma mai injin bugu a can fayil ɗin Corel yake jira. Haka nan manhajojin ɗaukar zanen yatsa na rijista galibi na Windows ne. Firintocin HP da yawa suna aiki da zarar an jona su, sai dai LaserJet 1020 da ire-irenta sai an sauko musu da ƙarin fayil daga intanet. Wannan ne ainihin abin da ke riƙe wa Windows kasuwa a garin nan: abokan hulɗarka duk a kansa suke.

Akwai masu cewa a tura Windows 11 da ƙarfi, tunda Rufus yana iya cire shingen TPM. Yana hawa, yana kuma aiki a zubi na 6 da na 7 idan akwai SSD da ram gig 8. Amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai lamunce wa irin wannan na'ura sabuntawa ba, kuma babban sabuntawar shekara sau da yawa sai an yi shi da hannu. MacBook na hannu kuwa a duba biyu kafin a biya: an cire asusun iCloud na mai shi na farko, kuma ba mai furosesar Intel ba ce, don macOS 26 ne na ƙarshe da zai hau irinsu.

Ɗalibi, malamin makaranta, ɗan jarida, ko ofishin da aikinsa bai wuce wasiƙa da lissafi da intanet ba, Mint ya ishe shi, kuɗin sabuwar kwamfuta kuma ya sayi SSD da ƙarin ram ya riƙe canji. Wanda zai sayi tokumbo yanzu don aikin Corel, ya buɗe bayanan na'urar a gaban mai shago ya karanta lambar furosesa: i5-8250U zubi na 8 ce, i5-6300U kuwa na 6, ko da takardar da aka manna a murfin iri ɗaya ce.