GARGAƊI: Ku kiyayi mai sayar da shayin "narkar da kitse zalla"

Jama'a don Allah ku tsaya ku karanta wannan, musamman mata masu neman rage ƙiba. Akwai wata mata da take tallar shayi da kafso a Instagram da sitatus na WhatsApp, wai kilo 10 cikin sati biyu, kuma abin da take jan mutane da shi shi ne wai maganinta kitse kawai yake narkarwa baya taɓa tsokar jiki, ba za ki rame ba ba za ki yamutse ba. Wallahi ƙarya ce, a gidanmu muka gani.

Ƙanwata ce ta saya bayan ta yaye yaronta, naira dubu 35 ta tura mata, aka aiko da koren fakiti ta hannun ɗan sahu. Babu sunan kamfani, babu jerin abin da ke ciki, sai wata lambar NAFDAC da aka manna da sitika. Dokar shan kuma ita ce ta fi ɓata min rai, wai kar ta ci nama, kar ta ci ƙwai da wake, shayin safe da dare sai kokwamba da ɗan kunu da rana. To fisabilillahi wanda ya hana ki nama da ƙwai da wake da me yake so tsokar ta tsaya?

Kwana uku da farawa gudawa ta ɓalle, ta yi wa matar magana, matar ta ce ai kitsen ne yake fita, ci gaba hajiya. Sikeli kuwa yana ta sauka, kilo 5 a kwana tara, tana ta murna tana turo mana hoto. A kwana na goma sha ɗaya ta tashi sallar asuba jiri ya kwashe ta, zuciya na bugawa kamar za ta fito, ƙafafu suna ɗaurewa, ko goyon yaronta ta kasa. Sai asibiti, leda uku ta ƙarin ruwa ta sha, likita ya ce ruwan jikinta ya ƙare kuma sinadarin fotasiyam ya yi ƙasa, shi ne yake rikita bugun zuciya. Da muka farke jakar shayin wata gwaggonmu tana gani ta ce ai wannan filasko ne. Filasko fa, ganyen da kakanninmu suke sha don wankin ciki, shi aka zuba a fakiti mai ƙyalli aka sayar mata dubu 35.

Ku gane wani abu, kitse baya fita ta bayan gida. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kusan kalori 7,700 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da jiki ke samu daga abinci), ita kuwa mace a yini gaba ɗaya abin da jikinta ke ƙonawa bai wuce wajen 2,000 ba, to ko azumi ta ɗora babu buɗa baki ba za ta ƙona kilo 10 na kitse a sati biyu ba. Abin da ya sauka a sikelin ƙanwata ruwa ne da abin da ke hanji, sai kuma naman jikinta da yunwa ta ci, wato ainihin abin da aka yi mata alkawarin ba za a taɓa ba. Shi ya sa tana dawo da cin abinci nauyin ya dawo cikin wata ɗaya amma ƙarfin bai dawo ba, hannayenta sun saki, teɓar tana nan inda take.

Kafson ma abin tsoro ne. Irin waɗannan marasa suna a cikinsu hukumomi suka sha kama sibutramine, maganin rage ƙiba da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka tun 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, wasu kuma maganin sa fitsari ake ɓoyewa a ciki. Yanzu har Ozempic, allurar masu ciwon suga da ake amfani da ita don rage ƙiba, na ga matar nan ta fara tallatawa, alhali a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta da aka samu a Birazil da Ingila da Amurka. Allura ce ta likita, ba ta ɗan sahu ba.

Abin da ke riƙe tsoka lokacin rage ƙiba ba a fakiti yake ba. A rage abinci kaɗan-kaɗan yadda za a sauke rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati, a yawaita ƙwai, kifi, wake, awara, alale, nono, a rage lemon kwalba da tulin shinkafa, sannan a sa jiki aikin ƙarfi sau biyu ko uku a sati, ko da tsugunna-tashi ne da ɗaga jarkar ruwa a tsakar gida, a kuma samu barci. Mai ciwon ƙoda ko suga ya fara ganin likita.

Mun duba lambar NAFDAC ɗin a manhajar Greenbook ta hukumar, ba ta fito ba. Da na kira matar na faɗa mata halin da ake ciki cewa ta yi wai jikin ƙanwata ne bai karɓa ba, ta kashe waya ta yi bulokin ɗinmu duka. Mun kai ƙorafi da ragowar fakitin. Satin nan na ga ta canza sunan shafi amma koren fakitin ne dai, da hotunan "kafin da bayan" iri ɗaya, in kun ci karo da shi kar ku tura ko sisi.