Ɗakin gwaji ko littafin gefen gado: ina ake kama mafarki?

Mai bincike ba ya ganin mafarkin kowa, sai abin da mai barci ya farka ya faɗa masa.

A 1953 masu bincike Aserinsky da Kleitman na Jami'ar Shikago a Amurka suka gano matakin barcin da idanu ke kai-komo da sauri alhali suna rufe. Tun daga nan ake manna wa mutum wayoyi a kai, na'ura na nuna ya shiga matakin sai a tashe shi: "Me kake gani?" Kusan sau 8 cikin 10 akan samu mafarki da ɗuminsa. Amma aikin da tsada, mutanen gwajin kaɗan ne, baƙon gado da wayoyin nan kuma kan kutsa cikin mafarkin kansa.

Littafin da mutum ke rubutawa a gida da safe arha ne, yana tara dubban mafarkai, kuma ni na fi yarda da shi wajen sanin abin da mutane ke mafarki a gadonsu. Masu bincike Hall da Van de Castle sun fitar da tsarin ƙidaya abin da ke cikin irin waɗannan rahotanni a 1966. Raunin littafin mantuwa: mafarkin gab da farkawa da mai firgitarwa ne ke tsira, sauran sun bi iska kafin a lalubo biro.